Yawon babur a ƙauyukan Zazzau da damina

Wani malamin makaranta daga Tudun Wada ya aiko mini da tambaya. Ya ce: "Baba, ina da Boxer, abokina ma yana da nasa. Muna so mu yi amfani da dogon hutun Agusta mu zaga ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, ba don wata sabga ba, sai don mu ga gonaki mu sha iska. Ina za mu nufa, me za mu shirya, kuma damina ba za ta hana mu ba?"

Malam, na ji daɗin tambayar nan ƙwarai. Na shafe shekara 28 ina aikin malamin gona, kuma mafi yawan shekarun nan a kan sirdin babur suka wuce, daga wannan ƙauye zuwa wancan. Har yau ban san wani lokaci da ƙasar Zazzau ta fi kyau kamar tsakiyar Agusta ba. Ƙura ta kwanta, sama ta wanku, duk inda ka waiga kore ne shar har iya ganinka. Saboda haka damina ba za ta hana ku ba. Abin da za ta yi shi ne ta tsara muku tafiyar: ita za ta faɗa muku lokacin fita, nisan da za ku yi, da lokacin juyowa. Duk wahalar da na ga mutane sun sha a hanyar ƙauye, daga ƙin jin wannan ta faro.

Bari in fara da nisa, don a nan matasa suka fi kuskure. Mutum zai duba taswira a waya ya ce ai Zariya zuwa Kano ma awa 2 ce, to me zai hana a zaga ƙananan hukumomi uku a yini ɗaya. Kada ku yi wannan lissafin. Ku ɗauki kilomita 60 zuwa 80, zuwa da dawowa, a matsayin cikakken yini. A kan hanyar burji da ta sha ruwa, idan kuna yin kilomita 25 a awa kuna sauri ne, kuma tsayawa ta fi tafiyar yawa idan da gaske gani kuka fito yi. Ku fita bayan sallar asuba, da gari ya waye sosai, ku yi azahar a masallacin ƙauye, la'asar ta same ku a cikin Zariya ko a bakin kwalta. Dalili biyu ne. Hadarin ƙasarmu ya fi haɗowa da yamma, kuma daga gabas yake tasowa. Da ka ga gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta fara kaɗa ganyen masara, ba ka da lokaci mai yawa. Dalili na biyu tsaro ne, zan zo kansa. Ranar da kuka tashi kuka tarar da marka, irin yayyafin nan da ke wuni bai ɗauke ba, ku bar babur a zaure. Agusta ne watan da ruwa ya fi yawa a nan, cikin milimita wajen 1,000 da Zariya ke samu a shekara, kuma bayan ruwa mai ƙarfi gara a ba ƙasa yini guda ta tsane.

Game da inda za ku nufa, ni zan ba ku shawarar ku fara da arewa, wajen Hunƙuyi da Kudan, wata rana kuma Maƙarfi. Ƙasa ce ta fadama da rake. A Agusta raken ya yi tsawo amma bai nuna ba, sai bayan damina ake sara, a lokacin ne kuma ake dafa mazarƙwaila, don haka kada ku sa rai da ita sabuwa. Abin da za ku gani shi ne shinkafa a kwari, masara da waken soya a tudu, tumatirin damina da barkono, da kuma rumfunan inabi da manoman Kudan suka yi suna da su a 'yan shekarun nan. Hanya ta biyu ita ce gabas, hanyar Jos: ku bi ta Dakace da gadar kogin Galma, ku miƙa Maigana zuwa Soba. Ku tsaya a gefen gadar Galma ku kalli ruwan. Wanda ya saba ganin kogin da rani, lokacin da 'yan lambu suka cika gaɓarsa da injinan ban-ruwa, zai yi mamakin yadda yake cika ya yi jajir da damina. Idan kuma kuna son gwaji kafin babbar tafiya, ku yi rabin yini ta Wusasa zuwa gindin dutsen Kufena, ko ku zaga bayan Samaru ta Bomo. Wannan ƙaramin zagayen zai nuna muku ko sirdinku da bayanku za su jure.

Yammacin Shika, ta Giwa zuwa dazukan da suka haɗe da Birnin Gwari, ban ba ku shawarar ku shiga don yawo ba. Ina faɗin haka da ciwon zuciya, domin ina da aminai a can kuma ƙasar noma ce mai albarka, amma 'yan bindiga sun addabi yankin shekara da shekaru. Ko inda na ambata ma, kada ku dogara da maganata kaɗai. Halin hanya yana canzawa daga mako zuwa mako. Kwana ɗaya kafin ku fita, ku je tashar da motocin garin ke lodi, ku tambayi direbobi da 'yan acaɓan da ke bin hanyar kullum. Mafi kyau kuma ku sami mutumin garin da zai san da zuwanku. Kai malami ne, ba za ka rasa ɗalibi ko abokin aiki ɗan Hunƙuyi ko ɗan Soba ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Akwai wani abu da ɗan birni ba ya lura da shi. A idon mutumin ƙauye na yau, jerin babura baƙi da ke shigowa gari ba abin sha'awa ba ne, abin firgita ne, don haka masu kawo hari suke zuwa. Ka tuna a ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta hana hawa babur na wata uku saboda wannan matsala. To ku biyun nan kun isa. Idan abokai suka ji labari suka ce za su biyo ku, kada ku wuce babur uku. Kada ku rufe fuska da rawani ko baƙin ƙyalle idan za ku shiga gari. Hular kwano dole ce a hanya, amma da kun tsaya ku cire ta mutane su ga fuskarku. Ku riƙe katin shaida da takardun babur a cikin leda. Idan 'yan sintiri ko jami'an tsaro suka tsayar da ku, ku kashe inji, ku yi sallama, ku faɗi inda kuka fito da wanda za ku gani. Mutumin da ya ambaci sunan mai masaukinsa ba ya daɗewa a shinge.

Boxer ta dace da wannan tafiya. Ba ta da nauyi, ba ta shan mai, kuma babu kasuwar ƙauyen da za ka rasa bakaniken da ya san cikinta. Roba-roba ce ba zan so a shiga laka da ita ba, don cikinta yana kusa da ƙasa. Kwana biyu kafin tafiya ka kai wa bakanikenka ya juye baƙin mai, ya duba birkin gaba da na baya, ya ɗaure sarƙa daidai ya sa mata mai, ya ga wayar kuloci ko ta fara tsinkewa. Amma abin da ya fi komai shi ne taya. Tayar da ta suɗe tana iya kai ka makaranta shekara guda a kan kwalta ba ta ba ka kunya ba, ranar da ta taka jar laka kuwa za ta zubar da kai. Idan zanenta ya shafe, canza ta, musamman ta gaba. A jaka ka sa fulogi sabo da abin kwance shi, sifana 10 da 12 da 14, filaya, tib guda, ɗan famfo, igiyar roba, rigar ruwa, da ruwan sha. Ku cika tanki a gidan mai kafin ku bar gari. Man 'yan bumburutu yana ceto idan ta ƙure, kuma da yawansu mutanen kirki ne, sai dai galan da kwalba da ke zaune a fili da damina ba sa rasa ɗigon ruwa, kuma ɗigo kaɗan ya isa ya sa babur ya riƙa shaƙewa. Kuɗi kuwa ku riƙe canji a hannu, don mai gasa masara ba ta karɓar tiransifa, sabis ma ba ko'ina yake ba. Takalmi rufaffe za ku sa, ba silifa ba. Salansa na ƙona ƙafa, ciyawa ta yi tsawo, kuma damina lokacin macizai ne.

Yanzu ga inda nake so ka natsu, wato karatun ƙasa. Hanyar ƙauye ba iri ɗaya ba ce ko da a cikin kilomita guda. Burji mai tsakuwa yana riƙe taya ko an yi ruwa. Jigawa mai yashi ta fi daɗin bi da damina fiye da rani, don ruwa yana danne yashin. Abokiyar gabarka ita ce laka mai sheƙi, ja ko baƙa, wadda za ka gani tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. Ita ce ta fi yawa a gangaren fadama. Da ka hango ta, rage gudu tun kana kan busasshiyar ƙasa, ka sa giya ta biyu, ka riƙe totur daidai ba ƙari ba ragi, ka saki kafaɗunka, ka bar birkin gaba kwata-kwata. Idan dole ne ka taka birki, na baya, a hankali. Ka bi sawun baburan da suka riga ka, domin 'yan garin sun san inda ƙasa ke da ƙarfi, kuma sau da yawa za ka ga sawun ya bar tsakiyar hanya ya bi gefen ciyawa. Kada ka bi ramin da tayar mota ko tarakta ta haƙa, zurfinsa ba ya ganuwa. Idan ka ji gaba ya yi nauyi kamar ana riƙe shi, laka ce ta cushe tsakanin taya da madigadi. Tsaya ka sa tsinke ka ƙwaƙule, in ba haka ba tayar za ta daina juyawa kana tafe. Wanda ke da goyo kuwa, babu abin kunya a ce ya sauka ya taka 'yan taku.

Rafi kuma shi ne ya taɓa koya mini darasi. Wata shekara ina dawowa daga duba gonar gwaji, na iso wani rafi da na haye da safe ruwan bai kai idon sawu ba. Da yamma na tarar ya ƙaru, ko da yake ko ɗigo bai sauka a inda nake ba. Ashe an tafka ruwa a can sama. Na ga kamar zan wuce, na shiga. Ban kai tsakiya ba ruwan ya ture tayar gaba, inji ya mutu, ni da babur muka kwanta. Wasu samari uku da ke dawowa daga gona suka ajiye fartanyarsu suka shigo suka ɗago mu. Tun daga ranar ƙa'idata ɗaya ce: ruwan da ke gudu, idan ya kai tsakiyar taya, ba na shiga. Ka tsaya ka ga yadda ɗan gari ke hayewa, ko ka sauka ka auna da sanda. A mashigai da yawa akwai samarin da ke ɗaukar babur su haye da shi a ba su wani abu; biya su, haƙƙinsu ne. Kwalbatin da ruwa ya rufe ma abin tsoro ne, don gefensa kan zaizaye ba a gani.

Idan ƙaddara ta sa inji ya sha ruwa, kada ka yi ta buga kik, nan ake lanƙwasa abin da bai lalace ba. Tura shi tudu, kwance fulogi, buga kik a hankali ruwan ya fito ta ramin, tsiyaye man da ke cikin kafireta, ka matse soson iska ka shanya shi. Sannan ka duba baƙin mai: idan ya koma fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, sai an juye kafin a yi nisa. Ko ba ka faɗi ba, duk lokacin da ka fito daga ruwa birki yakan yi sanyi, sai ka ɗan riƙa taka shi kana tafe har ya bushe ya dawo da kamu. In hadari ya riske ku, ku nemi masallaci, shago, ko ajin makaranta. Kada ku fake ƙarƙashin doguwar bishiya da ke tsaye ita kaɗai a fili, ko rimi ko giginya, saboda tsawa.

To me za ku kalla? Gona tana magana ga wanda ya iya saurare, kuma tunda kai malami ne ina so ka koma aji da wani abu. Masarar da aka shuka a Yuni za ku same ta ta yi bunni tana goyo. Dubi ganyenta na ƙasa: idan kore ne mai duhu, ta sami taki a kan lokaci, idan ya yi ɗorawa-ɗorawa tun daga tsini, yunwar yuriya ce, kuma sau da yawa ba sakaci ba ne, tsadar buhu ce ta sa manomin ya raba ɗaya wa gonar da ke son uku. Idan ka ga ganye ya huhhuje, tsakiyarsa da wani abu kamar dusa, tsutsar nan ce da ta shigo ƙasar nan a 2016 ta zame wa masu masara ƙarfen ƙafa. Can wajen ƙarshen wata za ka fara ganin wani fure mai kyau ruwan hoda a gindin dawa. Kada kyansa ya ruɗe ka, wuta-wuta ce, tana manne wa saiwa tana tsotse abincin shuka, kuma yawanta alama ce ƙasa ta gaji. Shi ya sa za ka ga mai dabara ya sa waken soya bana inda ya yi masara bara. Dawa a lokacin ganye ce kawai, sai damina ta ja baya take fidda kai. Gero ne ke riga kowa. Tambayi manomi wane iri ya shuka. Da yawa daga irin masara, dawa, wake da gyaɗar da za ka gani, daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru suka fito, wadda aka faro tun 1922 kafin ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Duk irin da ka ji sunansa ya fara da SAM, kamar SAMMAZ na masara ko SAMPEA na wake, Samaru ake nufi. Mutanen Zariya da yawa suna wuce ƙofar wurin kullum ba su san abincin da ke tukunyarsu ya ratsa ta can ba.

Amma ba za ka ji ko ɗaya daga wannan ba sai ka tsaya ka gaisa. Kashe inji, sauka, ka ce "Sannunku da aiki, ya ruwa?" Za a ce maka "Ruwa ya yi gyara." Daga nan hira ta buɗe. Manomi yana son a tambaye shi gonarsa, abin da ba ya so shi ne a tsaya daga kan babur a ɗaga waya a ɗauke shi hoto kamar wani abin kallo. Nemi izini tukuna, mata kuwa a bar su gaba ɗaya. Kada ku taka kunya da taya don gajerce hanya, kada ku karya masara ko rake ko da guda ne. In kun nuna sha'awa, da kansa zai karyo muku fiye da abin da za ku iya ɗauka. Idan za ku daɗe a gari, ku fara da ƙofar mai unguwa ko dagaci, ku durƙusa ku ce ranka ya daɗe, mu baƙi ne daga Zariya, mun zo ganin gari. Goro ko ɗan sukari a hannu ba ya ɓata wannan gaisuwa. A cikin gari ku tafi kamar masu tafiya a ƙasa. Awaki da tumaki suna ɗaure da damina, amma kaji da ƙananan yara ba a ɗaure suke ba, kuma yaro yakan fito a guje daga lungu da ya ji ƙarar babur. Idan kuka haɗu da garken shanu a burtali, ku tsaya gefe, kada ku danna oda, ku bari makiyayin ya wuce da su, ku yi masa sannu.

Abinci kada ku ɗauko da yawa daga gida. Masara gasasshiya da aka karyo da safen nan ba ta haɗa hanya da wadda ta kwana biyu a buhu kafin ta iso Sabon Gari. Akwai dafaffiyar gyaɗa sabuwar haƙa, akwai ƙosai da waina a bakin kasuwa, akwai fura da nono wanda da damina ya fi yawa ya fi araha saboda shanu sun ƙoshi. Idan aka gayyace ku cikin zaure aka kawo fate da rama ko kwaɗon tafasa, ku ci, ku yaba, ƙin ci yana yi wa mai gida ciwo. Ruwan sha ne kawai nake so ku tsaya a kan naku ko na famfon burtsatse, don rijiyoyi da yawa suna gurɓata da damina. Ku tambayi ranar kasuwar garin da za ku: ranar kasuwa gari ya fi armashi, amma hanya ta fi cika da motocin kaya da baburan da aka yi wa lodin buhu uku, sai a ƙara kula.

Tafiyar farko ku yi ta yini guda, ba kwana. In ta yi muku daɗi, kuka sami mai masauki da kuka yarda da shi, ta biyu sai ku kwana, ku tafi da gidan sauro. Kafin ku fita ka faɗa wa iyalinka sunan garin da hanyar da za ku bi da lokacin da za su sa ran ganinku, abokinka ma ya yi haka, kuma kada ku canza hanya a tsakiya ba ku sanar ba. Idan kun dawo ka wanke lakar tun ba ta bushe ba, ka sake sa wa sarƙa mai a daren. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, Malam. In kun bi ta gabas, ka zo ka ba ni labarin inda ruwan Galma ya kai bana.